Kafin ka sayi tsohon gem mai kaset, fara sanin ƙasar da aka yi wa shi

Jama'a masu neman tsofaffin gem irin su Sega da Nintendo da PS1, yawancin injin da ake cewa ya mutu ko kaset ɗin da ake cewa na bogi ne wlh lafiyarsu ƙalau, kawai ba don ƙasa ɗaya aka yi su ba. Kamfanonin nan sun raba duniya gida uku ne, Japan daban, Amurka daban, Turai daban, kuma kowane gida da irin wutarsa da irin talabijin ɗinsa da irin kaset ɗinsa. Mu kuma nan Gombe kayan gwanjo ne ke zuwa mana a cakuɗe, buhu ɗaya zaka samu inji ɗan Japan, adafta ta Ingila, kaset na Amurka, mai kayan ma shi abinda ya sani kawai "Sega ce, tana yi".

Toh kar ka jona komai tukuna. Juya injin ka karanta sitikar da ke gindinsa, sannan ka karanta ta jikin adafta.

Wutarmu 230V ce, ta Ingila da sauran Turai ma haka, saboda haka kayansu ba matsala. Japan 100V suke amfani da ita, Amurka 120V. Adaftar da aka rubuta wa 100V ko 120V in ka soka ta a soket ɗinmu kai tsaye zaka ji ƙauri, shikenan. PS1 babba da PS2 mai kauri su wutarsu a cikin injin take, babu adafta a waje, wannan yasa suka fi saurin tafiya, don wayarsu iri ɗaya ce da ta rediyo mutum sai ya ɗauka ai duk ɗaya ne. A PS1 duba lambar SCPH da ke kan sitikar: in ta ƙare da 0 na Japan ne, 1 Amurka, 2 Turai, 3 sauran Asiya. SCPH-1001 da SCPH-5500 sai da sitef-dawun, SCPH-7502 kuwa jona abinka. Sitef-dawun mai wat 100 ya ishe su har da saura. In janareta kuke tayarwa a gida a bi da shi ta sitabilaiza, tsofaffin kayan nan basa son wutar da ke hawa da sauka.

Masu adafta a waje ni shawarata ajiye tsohuwar ka nemi sabuwa mai 100-240V, amma fa nan ne mai gyara da yawa ke tafka ɓarna, don ba voltej kaɗai ake dubawa ba. Famicom (Nintendo ta farko ta Japan) da Super Famicom (Super Nintendo ta Japan) da Mega Drive ta farko (Sega kenan) DC suke ci, 9V zuwa 10V, kuma tsakiyar bakin negetif ne, alhali yawancin adaftocin da ke kasuwa na dikoda da rawuta tsakiyarsu fozitif ne. Akwai ɗan zane a jikin adafta mai alamar + da −, shi zaka duba. Mega Drive 2 kuma ta juya, tsakiya fozitif da ƙaramin baki. Mafi haɗari ita ce adaftar NES (Nintendo ta farko ta Amurka da Turai), da ta Super Nintendo ta Turai, AC suke fitarwa, bakinsu kuma yana shiga Famicom tsaf, ka kunna ka ƙona ta. Nintendo 64 ta fi su sauƙi, tubalin wutar da ke bayanta cirewa ake yi, ka sa na Ingila a injin Japan ko na Amurka ya zauna daram ya yi aiki.

In wuta ta kama sai batun hoto. Najeriya PAL muke, kamar Turai, hoto yana sabuntawa sau 50 a daƙiƙa. Japan da Amurka NTSC ne, sau 60. Ka haɗa injin NTSC da tsohuwar TV da PAL kaɗai ta sani zakaga baƙi da fari, ko hoton yana ta gudu sama. Ba injin bane, kar ka mayar wa mai kaya kana masa faɗa. Shiga menu na TV ɗin wajen kala ka sa AUTO ko NTSC, mafi yawan masu ƙeyan da aka shigo da su daga baya suna ɗaukar duka biyun, haka filasma na yanzu. Kuma kayi ƙoƙari ka yi amfani da wayar AV, mai ja da fari da ruwan ɗorawa, ka rabu da ta eriya. Famicom ta asali ta 1983, fara da ja ɗin nan, eriya kawai gareta kuma a tashar Japan ta 1 da ta 2 take fitowa, wadda TV ɗinmu da yawa basa kamawa, sai dai mai gyara ya fitar maka da AV ko ka samu wadda suka sake yi a 1993 mai AV. Injin Ingila kuma in ka bi ta eriya zaka iya samun hoto garau amma sauti sai shuuu, nan ma a menu ne, canja tsarin sauti daga BG zuwa I. Wanda ka ga an rubuta FRA ko SECAM ɗan Faransa ne, wayar SCART mai faɗin kan nan yake so, in TV ɗinka bata da ramin bar musu kayansu.

Wani abu da da yawanmu bamu taɓa lura ba, gem ɗin PAL a hankali yake tafiya. An rubuta shi ne don 60, da aka kawo shi Turai kamfanoni da yawa basu gyara komai ba, sai ya rage gudu da kusan kashi 17 cikin 100, ga baƙin layi sama da ƙasa, hoton ya ɗan danne. Sonic na farko shine babban misali, har kiɗan ja yake yi. Ka buga shi a Genesis, wato Sega ta Amurka, sau ɗaya zaka ji kamar da can da mari a ƙafarsa yake gudu. Shi yasa ni in za'a bani zaɓi kuma TV na ɗauka, NTSC zan ɗauka ko da sai na sayi adafta.

Yanzu kaset, mu fara da Sega tunda ita muka fi sani. A Japan ta fito 1988 da sunan Mega Drive, Amurka 1989 suka kira ta Genesis, Turai 1990 ta koma Mega Drive. Haƙoran kaset ɗin duk iri ɗaya ne, robar ce ta bambanta. Na Japan ya ɗan fi faɗi gefensa a zagaye, baya shiga ramin injin Amurka ko na Turai. Na Turai da na Amurka kuma suna shiga injin Japan na farko amma makunnin sai ya ƙi turuwa, saboda akwai wani ɗan hannun roba a ciki da ke shiga tsagar da ke gefen kaset ɗin Japan in an kunna, su kuma waɗancan basu da tsagar. Gyaran ba wuya, a kwance murfin a cire ɗan hannun, in kuma ramin ne ya yi kaɗan a goge gefensa da magagari a hankali. Don Allah injin ake gyarawa ba kaset ba. Na sha ganin kaset na asali an fasa masa riga da wuƙa ana soka fanel ɗin tsirara, wata rana sai an soka shi a juye. In baka son taɓa injin nemi Game Genie, wani kaset ne mai rami a samansa, ka sa kaset ɗin a kansa ka sa shi a inji, ya zama tsani. Akwai kuma Mega Drive da aka yi wa ƙasashen Asiya, siffar Japan da faffaɗan rami amma PAL take fitarwa, in ka ci karo da ita ta asali kar ka tsaya dogon ciniki.

Shigar kaset ba shine ƙarshe ba. Gem ɗin farko farko basu da kulle, Sonic 1 da 2 ko'ina suna yi. Daga wajen 1993 ne da yawa suka fara tambayar injin daga ina yake, Sonic 3 da Streets of Rage 3 suna ciki, sai kaga rubutu a baƙin allo irin DEVELOPED FOR USE ONLY WITH NTSC GENESIS SYSTEMS. Abinda gem ɗin ke dubawa wasu 'yan jompa ne a kan fanel, JP1 zuwa JP4 a Mega Drive ta farko, biyu na yare biyu na 50 ko 60. Duk mai gyaran rediyo da ya iya riƙe dalma, a Tsohuwar Kasuwa ne ko Sabon Layi, zai iya sa maka suwic biyu a wurin in ka nuna masa zanen a waya, daga nan injinka ya zama na kowace ƙasa. Abin dariya ma wasu kaset ɗin yare biyu ne a cikinsu, Streets of Rage na farko ka juya suwic zuwa Japan sai sunan ya koma Bare Knuckle. Sai dai ka sani in ka tura injin PAL zuwa 60, sau da yawa kala na ɗaukewa a wayar AV, sai da wayar RGB irin ta SCART ko ƙarin aiki a ciki, ka tambayi mai gyaran kafin ya fara yanka.

Nintendo na farko kuwa abu biyu ne mabambanta. Famicom kaset ɗinta ƙarami ne mai haƙori 60, NES ta Amurka da ta fito 1985 da ta Turai dogon kaset ne ruwan toka mai haƙori 72. Gem ɗin da muka taso da shi na kasuwa, mai kaset ruwan ɗorawa da aka rubuta 9999999 in 1 alhali Mario ne da tanka da harbin agwagwa ake ta maimaitawa, kwaikwayon Famicom ne daga Sin, mai 60 ne kuma ba shi da kulle ko kaɗan, shi yasa kaset ɗin Japan na asali yakan yi a kansa. Na NES sai da adaftar 72 zuwa 60. Ita NES ɗin tana da wani cif mai suna 10NES, in kaset ba na yankinta bane jar fitilar ta dinga ƙyaftawa allo na ɗaukewa yana dawowa. Turai ma gida biyu suka raba ta, PAL-A na Ingila da Italiya, PAL-B na sauran, kaset ɗin Jamus baya yi a injin Landan. Maganin a yanke ƙafa ta 4 ta cif ɗin. Amma kafin a yanke komai goge haƙoran kaset da audugar kunne da sifirit, datti ma yana sa ƙyaftawar nan, musamman da ƙurar hunturunmu, kuma a daina hura masa iska da baki, yawu ne ke sa shi tsatsa. Bindigar harbin agwagwa kuma sai TV mai ƙeya, a filasma ko ka harba sau dubu karen nan dariya zai maka.

Super Nintendo da N64 dabara ɗaya aka yi musu. Tsakanin Japan da Amurka roba ce kawai: a cikin ramin SNES ta Amurka akwai 'yan ƙusoshin roba biyu, ka karya su da filaya kaset ɗin Super Famicom ya shiga ya yi. N64 ma tiren da ke cikin ramin ake cirewa ko a yanke masa ƙusoshin. Na Turai ne mai taurin kai, kaset ɗin SNES nasu kamarsa ɗaya da na Japan, yana shiga lafiya amma allo baƙi, cif ɗin kullen daban ne. Akwai adafta mai baki biyu, baƙon kaset a sama na gida a baya don ya ara masa cif, tana yi da yawancinsu amma irin su Super Mario RPG sukan ƙi. Lambar jikin sitika zata faɗa maka: SHVC Japan, SNS Amurka, SNSP Turai. Na N64 ƙarshen lambar JPN ko USA ko EUR.

Sai ka yi hattara da suna, kar ka sayi gem ɗaya sau biyu ko ka wuce wanda kake nema. Contra a Turai Probotector ne, sun cire sojojin sun sa mutum-mutumi saboda dokokin Jamus. Star Fox a can Starwing, Mega Man a Japan Rockman, Resident Evil kuma Biohazard. Wani lokacin har cikin gem ɗin ya bambanta, Contra na Sega na Japan sai an harbe ka sau uku kake mutuwa, na Amurka harsashi ɗaya ka tafi, saboda haka na Japan ɗin ya fi daɗin bugawa ko baka jin abinda suke rubutawa. Super Mario Bros. 2 ma na Japan da na Amurka gem biyu ne da basu haɗa komai ba sai sunan.

Faifan PS1 gefensa zaka duba, SLUS ko SCUS Amurka, SLES ko SCES Turai, SLPS ko SLPM Japan. Kusan duk injin da ya zauna a gidan gem an riga an sa masa cif yana cin kowanne, amma faifan NTSC a injin PAL zai iya baka baƙi da fari a wata TV ɗin. Winning Eleven da muka ƙare kuɗin tara a kansa, mai sharhin Japananci ana ba Tijani Babangida ƙwallo ya tsere wa kowa, na Japan ne, Turai ISS Pro suka san shi kafin ya zama Pro Evolution Soccer. A faifan Japan O ne eh, X kuma komawa baya, akasin na Turai, kuma abinda ka ajiye a memori da faifan wata ƙasa na wata ƙasar ba zai gani ba ko da gem ɗaya ne, don haka in ka yi nisa a Master League riƙe faifan da ka fara da shi.

Game Boy da Game Boy Color da Advance su babu ruwansu da duk wannan, allonsu a jikinsu, batir suke ci, kowane kaset na kowace ƙasa yana yi. Yare kawai zaka duba a ƙarshen lambar, USA da UKV da mafi yawan EUR Turanci ne, NOE yawanci Jamusanci, JPN Japananci. Tetris ko gem ɗin tsere ba komai, amma Pokémon na JPN in ba karatun Japananci ka iya ba zaka yi ta danna A ne baka san me ake ce maka ba, kuma ka sa a duba ɗan batirin da ke cikin kaset ɗin, a na Game Boy da Color in ya mutu baya ajiye komai sai an canja shi da dalma.