Kafin ku je karɓar hannun jarin mamaci

Jama'a, ga wata shawara ga duk wanda aka bar wa nauyin dukiyar mamaci. Kasancewarka ɗansa ko matarsa ba ya ba ka ikon taɓa hannun jarinsa. Kamfanin da ke riƙe da rajistar masu hannun jari takarda yake gani, ba dangantaka ba.

Da farko a samo takardar shaidar mutuwa, a yi kwafi da yawa masu hatimin hukuma, domin kowane kamfani nasa zai nema. Sai babbar takardar, wato izinin kotu. Idan mamacin ya bar wasiyya ya naɗa wasiyyi, kotu ce za ta tabbatar da wasiyyar ta ba shi iko. Idan bai bari ba, magada su zaɓi wanda suka amince da shi, kotu ta ba shi takardar kula da dukiyar.

Inda mutane suka fi tuntuɓe shi ne takardar wakilci. Idan mamaci ya naɗa wani wakilinsa tun yana raye, wakilcin nan ya mutu tare da shi. Don Allah kada ka sa hannu da ita, kada kuma ka shiga asusunsa na intanet ka sayar da komai, ko da ka san lambar sirrin. Rigimar da ke biyo baya tana raba zumunci.

Ku kuma duba sunan da ke kan takardar hannun jarin. Idan ya saɓa da na shaidar mutuwa, ko da harafi ɗaya ne, za a iya neman takardar rantsuwa. Sannan ku tambayi ribar da ta taru ba a karɓa ba, ita ma gado ce.