Babi na Shida: Altaneta Ta Ƙi Caji? Fara da Ƙananan Wayoyi

Batir randa ne, ajiya kawai yake yi. Altaneta ce ke zuba masa wuta duk lokacin da inji yake aiki. Amma ita kanta altanetar ba ta haifar da komai sai an fara ɗanɗana mata wuta kaɗan. A cikinta akwai naɗin waya da ke juyawa. Idan wuta ta shiga naɗin sai ya zama maganaɗisu, juyawar maganaɗisun nan kuwa ita ke tayar da wutar da ke fita ta babbar waya zuwa batir. Mai raba wa naɗin abincinsa ita ce regileta. In batir ya yi ƙasa ta ƙara, in ya cika ta rage.

To, hanyar da wannan 'yar wuta ke bi ita ce darasinmu na yau: daga makulli, ta bi fiyus, ta bi fitilar batir da ke kan dashbod, ta sauko ta siririyar waya zuwa soket ɗin da ke bayan altaneta. Altaneta da yawa da ake cirewa a jefar lafiyarsu ƙalau. Hanyar nan ce ta yanke.

Kayan aiki biyu sun ishe ka: mitar awon wuta da fitilar gwaji. Ƙarfin wuta da bolt ake auna shi, alamarsa a jikin mita harafin V ne. Juya mitar zuwa 20V ɓangaren DC, wato irin wutar batir. Kafin ka sunkuya cikin inji, cire zobe da agogon ƙarfe, ka naɗe hannun riga, don fambel ba ya jira.

Awo na farko

Inji a kashe, ɗora jan tsinke a kan batir mai alamar +, baƙin kuma a mai alamar –. Cikakken batir yana nuna kusan 12.6. Idan ka ga 12.0 ko ƙasa da haka, fara cajinsa tukuna, in ba haka ba duk awon da za ka yi daga baya zai ruɗe ka. Yanzu tayar da inji. Mita ta hau zuwa tsakanin 13.8 da 14.5. In ta tsaya inda take, ko tana ta sauka, babu caji. In ta haura 15 ta zauna can, caji ya yi yawa, kuma wannan ma ciwo ne: ruwan batir zai ƙone, ƙwayayen fitila su riƙa mutuwa. In babu caji, duba fambel, in ya saki ko yana ƙara sai a ɗaure, shi ke nan batunsa.

Fitilar dashbod ita ce shaidar farko

Murɗa makulli zuwa inda fitilun dashbod ke kamawa, kada ka tayar. Fitila mai hoton batir dole ta kama. Da ka tayar kuma dole ta mutu. Mutane da yawa suna murna idan ba su taɓa ganinta a kunne ba, alhali rashin kamawarta ma labari ne.

A tsofaffin motoci da yawa, wutar farko da naɗin altaneta ke samu ta cikin ƙwan fitilar nan take ratsawa. Idan ƙwan ya ƙone, hanya ta yanke. Irin wannan motar za ka ga ba ta caji a silo, sai an taka totur da ƙarfi sannan caji ya kama, saboda ɗan ragowar maganaɗisun da ke jikin ƙarfen. Na taɓa ganin mota da aka sauya wa altaneta har sau biyu a wata guda. Mai ita ya gaji. Yaron garejin ne ya leƙa ciki ya ce, "Oga, ai fitilar batir ba ta kamawa ko an murɗa makulli." Aka kwance dashbod, sai ga ɗan ƙwai da bai kai kan ɗan yatsa ba ya yi baƙi ƙirin. Tsohuwar altanetar da aka cire tun farko aka mayar, ta ci gaba da aikinta.

Ga yadda za ka raba gardama. Zare soket ɗin bayan altaneta. Nemo wayar fitila, wadda aka rubuta wa L a wasu motoci, a wasu kuma D+. Makulli a buɗe, taɓa wayar nan da jikin inji ta hanyar guntuwar waya, wani ya duba maka dashbod. In fitila ta kama, ƙwai da fiyus da waya duk lafiya, matsalar tana cikin altaneta: ko kabon (ɗan gawayin da ke gogar ɓangaren da ke juyawa yana kai wa naɗin wuta) ya cinye, ko regileta ta mutu, ko naɗin ya yanke. In ba ta kama ba, bar altaneta ta huta, bi waya a baya har zuwa fiyus. Akwai kuma na uku da ake yawan mantawa: ka zare soket gaba ɗaya amma fitila tana nan a kunne. Wannan na nufin wayar ta goge a wani wuri tana taɓa jikin mota. Nemi inda ta ratsa gefen ƙarfe ko ta kusanci salansa.

Sauran bakunan soket

Soket mai baki uku, irin wanda ake yawan gani a motocin Japan, yana da IG da S bayan L. Wayar IG tana kawo wuta ne kawai idan makulli a buɗe yake, ita ke ta da regileta daga barci. Auna ta: makulli a buɗe ka ga kusan ƙarfin batir, a rufe ka ga sifili. In babu komai, fiyus.

Wayar S ita ce idon regileta, da ita take ganin yawan wutar da ke cikin batir. Dole ta nuna daidai abin da batir ya nuna, ko makulli a buɗe ko a rufe. A nan ne tsatsa ke yin ɓarna a ɓoye. A ce batir yana 14.4, amma saboda dattin mahaɗi 13.4 ce ke isa bakin S. Regileta za ta ɗauka batir bai ƙoshi ba, ta yi ta ɗura masa. Don haka duk motar da ke dafa batir, auna S kafin ka la'anci regileta. Haska cikin soket ɗin da tocila. Koren tsatsa, ko bakin da ya buɗe ba ya kama ƙarfe da kyau, ya isa ya jawo duk wannan.

Babbar waya

Notin B+ a bayan altaneta kullum da wuta a jikinsa, ko mota a kashe, kada sifana ta haɗa shi da jikin inji. Inji yana aiki, kunna manyan fitilu da fanka, sa tsinke ɗaya a B+ ɗaya a kan batir mai +. Abin da mita ta nuna shi ne wutar da ke ɓacewa a hanya. In ya wuce 0.5, wanke mahaɗai, ka duba babban fiyus. Yi haka kuma tsakanin jikin altaneta da kan batir mai –. Nan bai kamata ya wuce 0.2 ba.

Motocin zamani

A nan kwamfutar mota ce ke ba altaneta umarni, a wasu ta siririyar waya guda da ake kira LIN. Kada ka taɓa wannan waya da jikin inji, kada ka soka mata fitilar gwaji, saƙo take ɗauka. Kwamfutar takan rage caji da gangan har mita ta nuna ƙasa da 13 idan batir ya cika, ta kuma ɗaga shi kusa da 15 idan aka saki totur. Kunna manyan fitilu ka ga ko zai hau kafin ka yanke hukunci. In ka jona na'urar karanta matsala, lambar P0620 tana nuni ga layin sarrafa altaneta, P0621 ga layin fitila, P0622 ga layin naɗin. Layi lambar ta nuna maka, ba ta ce ka sayi sabuwa ba.

Tsohuwar dabarar cire kan batir inji yana aiki, wai a ga ko mota za ta mutu, ka bar ta har abada. Batir ne ke shanye tsallen wuta. Da ka cire shi, tsallen na iya ƙona regileta da kwamfuta a ƙiftawar ido.

Aikin gida

Samu mota mai lafiya, da izinin mai ita. Rubuta a littafinka abin da batir ya nuna a kashe, da a silo, da kuma bayan ka kunna manyan fitilu. Zana soket ɗin bayan altanetarta, ka rubuta launin kowace waya da abin da ta nuna makulli a buɗe da a rufe. Zo da littafin aji na gaba, za mu kwance regileta mu auna tsawon kabon.