Kwamfuta tana kunna kanta da dare, da kuma yadda ake zuba fayil a faifai

Salam 'yan uwa. Shekaranjiya ƙanina da ke Aboabo nan Kumasi ya kira ni da asuba hankali a tashe, wai kwamfutarsa ta kunna kanta wajen ƙarfe uku na dare, fanka na ta ƙugi, ɗaki ya yi haske, yara duk sun farka. Tambaya ɗaya na yi masa, an yi dumsor, wato ɗauke wuta, jiya? Ya ce eh yaya, sai cikin dare aka dawo da wuta. To galibi matsalar daga nan take.

A cikin BIOS, wato shafin saitin kwamfuta da ake shiga kafin Windows ta buɗe, akwai saitin da ke gaya wa kwamfutar tebur abin da za ta yi in wuta ta dawo. Don shiga BIOS, kana kunna ta ka riƙa danna F2 in Dell ce, F10 in HP ce, wasu kuma Delete. Nemi ɓangaren Power, a Dell sunan saitin AC Recovery, a wasu Restore on AC Power Loss, ka mai da shi Power Off ka yi sebin. Tun kana wajen ka duba Wake on LAN da Auto On Time ko RTC Alarm ka kashe su, musamman in kwamfutar wadda aka taɓa amfani da ita ce, irin wadda muke saya a Adum, don da yawansu daga ofisoshin Turai aka kwaso su kuma can ana saita su su tashi da kansu kafin ma'aikata su iso.

In ka gyara kuma gobe saitin ya koma yadda yake, agogo ma ya rikice, to batirin nan mai kama da kwabo da ke kan madabod, wato babban allon da ke cikin kwamfutar, ne ya mutu, CR2032 sunansa, canza shi kawai.

Wani lokacin kuma ba a kashe take ba, barci take yi, ɗan motsin tebur ya taɓa maus sai ta farka. Buɗe Command Prompt, baƙar tagar da ake rubuta wa Windows umarni, ka rubuta powercfg /lastwake zai nuna maka abin da ya tashe ta, sai ka je Device Manager, inda Windows ke jera na'urorin kwamfutar, ka cire alamar Allow this device to wake the computer a kan wannan abin. Da hunturu kuma a duba maɓallin kunnawa, ƙura na sa shi maƙalewa.

Sai maganar faifai, don a ranar ma ƙanin nawa ya ce yana so ya zuba wa Baba karatun tafsiri ya riƙa ji a mota. CD-R na ɗaukar 700MB, DVD-R kuma 4.7GB, su biyun ba a goge su a sake amfani, mai RW ne ake gogewa. Ka fara duba gaban dirayib ɗin, wato inda ake saka faifan, ko an rubuta RW, in babu to wataƙila karatu kawai yake yi.

Kana saka sabon faifai Windows za ta tambaye ka zaɓi biyu, Like a USB flash drive ko With a CD/DVD player. Ni dai na biyun nake ba kowa shawara don shi ya fi buɗewa a wasu na'urori. Ka jawo fayilolin ka zuba, amma fa a nan mutane ke yin kuskure, suna ganin fayil a ciki sai su cire faifai su tafi, alhali jira yake ba a rubuta komai ba tukuna, dole sai ka danna Finish burning ko Burn to disc. In rediyon motar tsoho ne wanda bai san MP3 ba, yi amfani da Windows Media Player ka zaɓi Audio CD, minti 80 kawai yake ɗauka.

Ka rage gudun rubutun zuwa 8x ko 16x, kuma don Allah kada ka fara in wuta na rawa sai da UPS, na'urar da ke riƙe wuta in an ɗauke, ko laftof mai caji, in ta ɗauke a tsakiya faifan ya lalace ke nan. Da ya gama ka cire ka mayar ka buɗe fayil biyu uku ka tabbatar, sannan ka rubuta suna a samansa, ɓangaren da ke da tambarin kamfani, da maka mai laushi, biro na karce shi.