Yadda za ka je Dugga idan ka samu kanka a Tunis

'Yan Damagaram da yawa suna zuwa Tunisiya, wani karatu, wani rakiyar mara lafiya, amma yawanci daga kilinik sai masauki sai kasuwa har ranar komowa. To idan Allah ya sa ka samu rana ɗaya da ba ka da randebu, ka je Dugga. Tsohon birni ne na zamanin Rumawa a kan tudu, kilomita wajen 110 kudu maso yamma da Tunis, UNESCO ta sa shi cikin kayan tarihin duniya tun 1997.

Ka yi sammako, wannan shi ne babban abu. Bayan sallar asuba ka nufi tashar Bab Sa'adun ka nemi luwaj mai zuwa Tabursuk, farar mota ce mai jan layi, mutum takwas take ɗauka kuma ba ta tashi sai ta cika, kamar dai hiyas ɗinmu na tasha. Daga Tabursuk saura kilomita kamar 6, sai taksi. Ku gama ciniki da direban tun kafin ka shiga, har da lokacin da zai komo ya ɗauke ka, ka karɓi lambarsa, don can sama ba mota ke jira ba kuma da la'asar ta yi luwaj sai su fara ƙaranci. Ka riƙe dinari a hannu na tikitin shiga, da ruwa babbar gora, da hula. Silifa kam a bar su gida, hawa ne da gangara kan dutse mai santsi, inuwa kuma sai ɗan gindin zaitun nan da can.

Da ka shiga gidan wasa za ka fara tararwa, an gina shi wajen shekara ta 168, yana cin mutum 3,500, har yanzu ana biki cikinsa da bazararsu. Kada ka tsaya ƙasa kana selfi kawai, hau har layin ƙarshe ka zauna, kwarin gaba ɗaya da gonakin alkama suna gabanka. Daga nan ka bi titin dutse zuwa Kapitol, ɗakin bautarsu mai dogayen ginshiƙai, a gefensa akwai fili da aka zana iska mai busowa daga kusurwa goma sha biyu a daɓe kowace da sunanta, sai ka duƙa sosai kake ganin zanen don ƙafafu sun cinye shi. Mutane da yawa takawa suke su wuce.

Ƙasa kaɗan akwai gidajen wanka, da wani makewayi na jama'a mai rami goma sha biyu jere a benci ɗaya na dutse, ba katanga ba labule, ruwa na bi ta ƙarƙashi. Kunya dai ba ta dame su ba.

Ni a ganina abin da ya fi cancanta ka wahala dominsa shi ne hasumiyar kabari da ke can gangare, mita 21, ta ma girmi ginin Rumawan, mutanen ƙasar ne Numidiyawa suka yi ta tun ƙarni na biyu kafin haihuwar Annabi Isa (AS). A da a jikinta akwai rubutu cikin harshe biyu, shi ya taimaka aka gane tsohon rubutun Libiya wanda tifinar da Buzayenmu ke rubutawa ta samo asali daga gare shi. A 1842 wani jakadan Ingila ya sa aka rushe ginin don ya ciro dutsen da rubutun ke kai, yanzu yana gidan tarihi a Landan, hasumiyar kuma daga baya aka sake tada ta.

Ka ba wurin awa uku aƙalla. Zanen daɓe masu kyau da aka tono a nan, irin na ƙananan duwatsu masu launi, yawancinsu an kwashe zuwa gidan tarihi na Bardo cikin Tunis, wannan sai ka ware mishi wata safiya daban.