Darasi na 7: Fitar da Abin da Ya Manne a Cikin Bututun Bindiga

Fara da karanta waɗannan kalmomi: bututu, albarushi, dalma, tagulla, kananzir, tsatsa.

Wannan darasi na mafarauci ne mai lasisin riƙe bindiga. Kafin komai, cire harsashi. Buɗe bindigar ka duba da idonka. In ta ɗuri ce, zura sanda har ƙasa, sannan ka gwada tsawon da ya shiga da tsawon bututun ta waje. In ya gaza, akwai ɗuri a ciki, kada ka fara wanki. A kai albarushi da harsasai wani ɗaki, yara su matsa nesa.

Duk abin da ya manne a cikin bututu yana toshe wa harsashi hanya. Idan ƙarfin wuta ya rasa mafita, bututu yakan kumbura, ko ya fashe a hannun mai shi. Don haka ba maganar ado ake yi ba.

Haska tocila ka gane abin da ke ciki, domin kowane datti da maganinsa.

Baƙin tokar albarushi shi ya fi yawa a bindigar gargajiya. Albarushi haɗin gawayi ne da farar wuta da wani irin gishiri. Tokarsa tana jan laima daga iska, shi ya sa da damina tsatsa kan kama bututu cikin kwana ɗaya. Maganinta ruwan zafi da sabulu. Zuba, goga da tsumma a kan sanda, zubar, sake, har ruwa ya fito fari. Mutane da yawa sukan ɗura baƙin mai a kan tokar, suna ganin sun kyauta. Ba su kyauta ba. Man yakan haɗu da toka ya daskare kamar kwalta, aiki ya ninka.

Bindigar da ta daɗe a ajiye kuwa, sau da yawa akan same ta da wani giris mai kauri, launin ƙasa, ana kiransa Cosmoline. Yana narkewa idan zafi ya kai wajen digiri 50. Ranar bazara ta wadatar. Ware bututun daga ƙota, ka jingina shi a rana baki a ƙasa, giris ya tsiyaye. Sauran kuma kananzir zai cinye shi. Kada ka gasa bututu a wuta, kada ka yi amfani da fetur.

Fentin da ya zurara ciki yana son tina irin ta masu fenti. Jiƙa tsumma, tura shi, ka bar shi ya kai minti 15 kafin ka goga. Yi aikin a waje inda iska take, ba sigari, ba murhu. Tina tana ɓata katako, ka kiyaye ƙota. Akwai wani fenti mai suna Cerakote da ake gasawa a jikin ƙarfe. Shi wannan fentin, tina ba ta narkar da shi. Kai wa maƙerin da ya san bindiga.

Dalma da robar harsashi sukan bar zane-zane a bututu. Nan burushin tagulla ake so, domin tagulla ta fi ƙarfen bututu laushi: tana kwashe datti, ba ta cin ƙarfe. In soson tagulla za ka naɗa a sanda, gwada shi da maganaɗisu tukuna. In ya kama, ƙarfe ne aka shafa wa launi, ajiye shi. Rodi da waya da samfefa kuwa, ina roƙonka ka nisance su. Kowane karce da suka bari, nan datti zai fara taruwa gobe.

In datti ya ƙi fita, sake jiƙawa ka jira, kada ka ƙara ƙarfi. Idan farin tsumma ya fito tas, busar da bututun sosai, ka shafa mai kaɗan. Kafin ka fita farauta, goge man da busasshen tsumma.

Rubuta amsa a littafinka: Me ke wanke tokar albarushi? Don me ake gwada soso da maganaɗisu? Wane fenti ake kai wa maƙeri?