Yadda Za a Horar da Malamin Lissafi Ya Haɗa Darasi da Wuraren Sana'a

Kafin malami mai koyon aiki ya rubuta tsarin darasi, a tura shi ya wuni wajen magini, tela ko ɗan kasuwa, da littafi da tef na awo. Abu uku zai dawo da su: lissafin da ya ga ana yi, ma'aunin da ake amfani da shi, da asarar da ake tafkawa idan aka kuskure. Daga nan sai ya nemo gurbin kowanne a manhajar SS1 zuwa SS3.

Wurin gini ya fi ko'ina albarka. Magini na daidaita kusurwar harsashi da igiya: ƙafa 3 nan, ƙafa 4 can, tsakaninsu ya ba da 5. Ƙa'idar Pythagoras ke nan, ko da bai taɓa jin sunan ba. Malami ya fita da ɗalibai fili su kafa turaku su gwada, sannan a koma allo.

Sai lissafin tayil, wanda ya kamata a daɗe a kansa. Ɗaki mai ƙafa 12 tsawo da faɗi ya kai mita 3.66 kowane gefe, wato murabba'in mita 13.4. Tayil mai santimita 60 kowane gefe yana rufe murabba'in mita 0.36. A raba, a samu 37.2. Nan ɗalibai ke faɗuwa: su rubuta 37 saboda an koya musu zubar da abin da bai kai rabi ba, alhali a wurin aiki sama ake hawa. A ƙara wa 37.2 ɗin kashi 10 cikin ɗari na yanka da fashewa, ya zama 41. In kwali guda 4 yake ɗauka, kwali 11 za a saya. Wasu kuma su gauraya ƙafa da mita, amsar ta fito ta gida guda.

A kasuwa, a nuna musu cewa kayan da aka saro naira 8,000 aka sayar 10,000 ribarsu kashi 25 ne kan uwar kuɗi, amma kashi 20 kan ciniki.

Mai duba malamin ya kula da wata dabara ta ragwanci: a ɗauko tambayar littafi a liƙa mata sunan kafinta. Ba haɗawa ba ce. Gwajin mai sauƙi ne, a kai wa mai sana'ar tambayar. In ya ce ba haka ake yi ba, a sake ta. Darasin kuma ya ƙare da tambaya irin ta WAEC ko NECO, don ɗalibi ya gane lissafin a rigarsa ta jarrabawa.