Yadda za ki gane fim ɗin Koriya ya ci kukanki ko wayo aka miki

Mu nan Jidda daren Alhamis ɗakin wata yayarmu muke taruwa a Karantina, a ɗora shayi a kunna fim ɗin Koriya irin na uba da 'ya ko kaka da jika, kafin a watse kowa ido ya yi jajir. To wani kukan da dalilinsa, wani kam wallahi zamba ce aka mana, bari ki ji yadda nake rabewa.

Ki fara sanin inda abin ya samo asali. Yaƙin Koriya na 1950 zuwa 1953 ya tarwatsa musu gidaje, uwa a Arewa ɗa a Kudu, har a 1983 tashar talabijin ɗinsu ta KBS ta yi kwana 138 tana nuna mutane riƙe da kwali an rubuta sunan wanda suke cigiya, sama da iyali dubu 10 ta haka suka haɗu. Iyayensu maza kuma ci-rani suka yi kamar mu, ƙasar nan ma sun zo, kamfaninsu Hyundai ne ya karɓi aikin tashar jirgin ruwan garin Jubail a 1976. Don haka in kika ga uba yana turo kuɗi gida yana cewa lafiya lau alhali ƙafarsa a kumbure, ki bar hawayen ya zuba Aunty, wannan ba ƙirƙira ba ce, wace ce a cikinmu ba ta taɓa yi wa Inna wannan ƙaryar a waya ba?

Sai ki sa ido wajen cin abinci, nan gwanintarsu take. Uwa ta zare ƙayar kifi ta ɗora tsokar kan cokalin shinkafar ɗanta, ba ta ce uffan ba, shi kuma ya sunkuyar da kai yana ci, shi kenan an yi sulhu ba wanda ya ce yi haƙuri.

Yanzu gwajin da nake yi. Da zarar kiɗan fiyano ya taso ki kashe sauti ki kalli fuskokin kawai. In har zuciyarki ta ci gaba da suya, labarin ne ya yi aiki, in kuwa kika ga mutum biyu ne kawai ke wage baki cikin ruwan sama to kiɗan ne ya ja ki. Su kansu suna da sunan wannan matsar hawayen, shinpa suke ce masa, kuma ba yabo ba ne.

Ki duba agogo kuma. Saura minti 20 sai wanda yake garau ya fara tari, ga jini a hankici, ga asibiti, sai a maido miki duk abin da kika riga kika gani a hankali kamar ba kya wajen. Mugun da ke cikin fim ɗin ma yawanci ba a gaya miki me ya mai da shi mugu, attajiri ne kawai, magana ta ƙare. Rabin farko kuwa ihu da dukan ƙeya da barkwanci, kar ki kashe, tarkon ne ake ɗanawa.

Fassarar Larabci tana cinye musu girmamawa, inda yarinya ta ce oppa ko onni, wato yaya, sai ki ga an rubuta suna tsagwaronsa, ki riƙa saurare da kunne. Rimot kuma ya zauna a hannunki in Hajiya ko yara na ɗakin, koriyar kwalbar nan da suke sha a fim giya ce, kuma ba baƙin cikin da suke yi ba ita a kan tebur.